Makullin Ƙofar Baya

Na daɗe ina shugaban leburori a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Dokokinmu biyu ne. Kowa zai ajiye wayarsa a akwatin maigadi kafin ya shiga. Sannan da zarar an tada injina, sai in sa wa ƙofar baya kwaɗo don kada a riƙa silalewa da silifan da muke yi. Makullin a aljihuna yake zama.

Ranar da gobara ta tashi, bayan azahar, ina bakin titi ina cin shinkafa da wake, makullin yana jikina. Kafin in iso, mutum biyu sun rasu a jikin ƙofar nan.

Akwai wani mutumin Jigawa mai kula da injin niƙa roba. Matarsa tana da tsohon ciki, shi ya sa ya ɓoye wayarsa a safa. Ya tsira ta ƙofar gaba, ya zagayo baya, ya ɗauki bidiyon mutane suna dukan kwaɗon da dutse. Ɗaya daga cikin mamatan ƙaninsa ne.

Da la'asar wani ɗan jarida daga gidan talabijin ya zo wurinsa. Ina tsaye ina jin su.

"Turo min. Mu ba ma biyan kuɗi, amma za mu sa sunanka."

Ya tura masa. Suka manna tambarinsu a kai, suka yi ta nunawa tsakanin tallace-tallace, ga sunansa a ƙasa, ga kwaɗona a tsakiya. Kowa a Sharaɗa ya san mai riƙe makulli.

A wajen zaman makoki, rana ta uku, na jira sai da tabarma ta cika.

"Nawa suka ba ka?" na ce masa.

"Baba, wallahi ko kwabo."

"Haba. Talabijin guda? Faɗa mana dai, mu san farashin ƙane a bana."

Ya sunkuyar da kai. Na ƙara: "Hannu biyu ka sa ka riƙe waya. Da dutse ka ɗauka, wa ya sani."

Daga ranar aka daina maganar kwaɗo, aka koma maganar mutumin da ya sayar da mutuwar ɗan'uwansa. Ni na rubuta takardar korarsa. Laifinsa shiga da waya, shaidar kuwa sunansa da suka sa a talabijin.

Ya je gidan talabijin ɗin sau biyu. Ba kuɗi ya nema ba, so yake su faɗa wa jama'a cewa ba su biya shi ba. Bai wuce bakin ƙofa ba. Duk kamfanin da ya je a Chalawa ko Bompai, labarinsa ya riga shi.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ban san dokar 'yan jarida ba. Abin da na sani, sun ci da hotonsa, ni na tsira da shi, shi kaɗai ya biya. Da sun ba shi wani abu, aƙalla da ya yi sunan jaririnsa da shi.

Bara na gan shi a Zawaciki yana tura kurar ruwa. Na tsayar da shi, na ce ni na ƙirƙiri maganar kuɗin nan.

"Na sani, Baba," ya ce. "Kuna tsaye a wurin ai da ɗan jaridar ya zo. Jarka nawa za a kawo muku?"