Awon Dawowa

Ranar Talata ce rana ta ƙarshe da gidanmu ya wuni yadda ya saba. Ƙarfe shida saura kwata na ji ƙarar famfo a tsakar gida, na san 'yata ta tashi, domin ita kaɗai ke buɗe famfo har ƙarshe kamar mai faɗa da shi. Shida da rabi ta shigo falo da kofin shayi biyu, ta ɗora nawa a kan jaridar da nake karantawa, da gangan.

"Baba, sa hannun nan fa?"

"Uwata, kin cike layin?"

"Layi ɗaya tak."

"Ɗaya ma layi ne."

"Wallahi da kai ne alƙali, da ko kai ba ka tsira ba."

Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba. Bakwai da minti goma ta fita, bayan ta yi musu da mahaifiyarta a kan lema. Uwar ce ta yi nasara. Ƙarfe goma ta kira ni daga ofis tana tambayar ko "kimanin" zai iya shiga rahoton awo, na ce a'a. Ƙarfe ɗaya ta ci abinci a kan teburinta, abokan aikinta suka gaya mini daga baya. Huɗu da rabi ta dawo, ta manta lemar a ofis. Ƙarfe biyar ta fito da tayar awo tsakar gida, ta kwance agogon da ke ƙirga mita, ta goge shi, ta ɗiga masa mai. Ƙarfe bakwai muka ci abinci mu uku. Ta ce kanta na ɗan sarawa, uwarta ta ce yawan duba takarda ne.

Washegari Laraba, sha ɗaya da minti ashirin, ta faɗi a ofis da fayil a hannunta. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta, kuma ba abin da wani zai iya gani tun da wuri. Kafin ƙarfe biyu ta cika. Shekararta ashirin da tara da wata huɗu.

Ni ma'aikacin safiyo ne, mai awon ƙasa, na yi ritaya. Garinmu yana gindin dutse, kuma a bakin garin akwai ƙaramar kwaleji da aka gina domin 'ya'yan manoman yankin. Kuɗin karatunta ba yawa. Abin da ke kayar da ɗalibi shi ne wurin kwana da abinci. Saboda haka akwai tallafi: duk wanda gidansu ya wuce kilomita goma sha biyar daga kwalejin, ana ba shi gado a ɗakin kwanan ɗalibai da abinci kyauta. Wanda bai kai haka ba, ƙa'ida ta ɗauka zai iya zuwa ya koma gida kullum.

A ofishin wannan tallafi 'yata take aiki. Teburi biyu ne, da kabad ɗin ƙarfe mai ƙofar da ba ta rufuwa, da taswira a bango. Aikinta karɓar fom, da ɗora rula a kan taswirar daga kwaleji zuwa ƙauyen ɗalibi, da rubuta abin da rular ta ce. Haka ta tarar ana yi. Shekara biyu tana yi ba ta ce komai ba.

Tun tana ƙarama ba ta yarda da amsar da ba ta gani da idonta ba. Tana aji uku ta auna tsawon ɗakinmu da takalmina, ta zo ta ce mini na yi kuskure da rabin takalmi. Don haka ban yi mamaki ba da wata rana ta dawo ta tsaya mini a ka.

"Baba, wa ya zana taswirar da ke ofishinmu?"

"Ni ne, shekara talatin da suka wuce. Me ta yi?"

"Ƙarya take yi."

"Taswirata ba ta ƙarya."

"To rular ce maƙaryaciya. Ta ce ƙauyen ƙarshe kilomita goma sha uku ne. Yarinyar da ta zo daga can yau ta baro gida tun da asuba, sai bayan azahar ta iso."

Na ce ta kawo taswirar. Ba kuskure a cikinta. Amma rula tana tsallake kwazazzabo, tana ratsa dutse, ba ta neman gada. Ƙauyuka huɗu na saman dutsen duk sun faɗa ƙasa da goma sha biyar, don haka 'ya'yansu ba sa samun gado. Wasu sukan raɓe a shagon wani ɗan uwa, wasu a ɗakin ajiyar kaya. Ta duba fayilolin shekara biyar: cikin arba'in da ɗaya da suka sauko daga can, tara ne suka gama. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Mutanen ofis ne, 'yan gari, a wurinsu nisa abu ne da ake gani a takarda.

Kwamitin tallafi ya ce zai duba, in har aka kawo awo na hanyar ƙafa da sa hannun mai lasisi. Mai lasisin da take da shi a gida yake zaune. Na ba ta tsohuwar tayata, taya ce mai dogon hannu da ake turawa, agogonta na ƙirga mita. Na kuma gindaya sharaɗin da aka koya mini, wanda ban taɓa karyawa ba: kowace hanya sau biyu ake aunawa, zuwa da dawowa. In lambobin biyu suka yi kusa, na sa hannu. In ɗaya ce kawai, ba awo ba ne, labari ne.

Asabar bayan Asabar tana hawa. Ɗalibai suka sa mata suna Malama Mai Taya. Ta gama ƙauyuka uku, zuwa da dawowa, lambobi tsaf. Na huɗun, ƙauyen ƙarshe, ta auna hawa: mita dubu ashirin da ɗaya da ɗari uku da arba'in. Da za ta sauko ruwa ya tsuge, laka ta cushe agogon, ta saɓo tayar a kafaɗa. Layin dawowa ya zauna ba komai. Ta yi niyyar komawa Asabar mai zuwa, domin kwamitin sau ɗaya yake zama a shekara, kuma Litinin zai zauna. Yara goma sha ɗaya na ƙauyen sun ci jarrabawar shiga a shekarar. Na san abin da jiran shekara guda yake nufi a can sama: gona ta ja wannan, birni ya ja wancan, ba mai dawowa.

Ranar Juma'a, ana cikin karɓar gaisuwa, magatakardan kwalejin ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, idonsa ya yi ja. Ya fito da rahoton da littafin awonta.

"Baba, ka yi haƙuri da kawo wannan a irin wannan rana. Ka sa hannu kawai. Kowa ya san hanyar nan ta wuce goma sha biyar."

"Na sani."

"To mene ne saura?"

"Layi ɗaya."

Ya dube ni kamar baƙin ciki ya taɓa mini kai. Na ce masa in na sa hannu a kan abin da ba a auna ba, wata rana wani zai gano, sai ya ce duka rahoton haka yake. Aikinta na wata huɗu ba zai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba. Na karɓi littafin, na ce ya dawo Litinin da safe.

Matata ta ji mu. Na ɗauka za ta hana ni, domin shekarata sittin da bakwai kuma gwiwata ta hagu ba ta da kirki. Sai ta shiga ɗaki ta fito da tayar.

"Ta sa mata mai ranar Talata," in ji ta. "Ka tafi da maganin gwiwarka. Kuma ban da taurin kai, in aka ce ka hau jaki ka hau."

Asabar mota ta kai ni gada, inda hanyar mota ta ƙare. A nan wani mai kiwon zuma yake jirana da jakinsa. Sa'ana ne, 'yarsa tana cikin goma sha ɗayan nan. Ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, ya ɗaure tayar a gefen jaki, sannan ya ƙare mini kallo.

"Kai ne Baban Malama? Ashe kai ka zana takardar da ta ce muna kusa?"

"Ni ne."

"To madalla. Gobe ƙafarka za ta karanta mana ita."

Na kwana a gidansa. Lahadi da sassafe na sa agogon a sifili a bakin ƙofar makarantar firamare, daidai inda ta rubuta cewa ta tsaya, muka kama gangara. Shi yana gaba da jaki, ni ina tura taya. Littafinta yana aljihuna. Ta san ni ne zan duba shi, shi ya sa ta cika gefen shafi da tsokana. Tun da daga ƙarshe nake bin hanyar, daga ƙasan shafi nake karantawa zuwa sama. A bakin wani dutse mai santsi ta rubuta, "Nan na zame, kada a gaya wa Mama." A wata kwana ta rubuta, "Nan rula ta tashi sama, mu muka kewaya." A ƙarƙashin wata bishiya, kusan rabin hanya, ta rubuta, "Nan Baba zai huta ko da ya ce bai gaji ba."

Na zauna a wurin. Mai zuma ya juya mini baya, ya ɗauki lokaci yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Bayan azahar gwiwar ta kumbura. Ya ce in hau jaki shi ya tura.

"Ka iya?"

"Tura taya ne fa, ba tuƙa jirgi ba."

"In ta ɗaga daga ƙasa ko sau ɗaya, sai mu koma sama mu sake."

Ya dubi dutsen da muka baro, ya dube ni. "Riƙe abinka. Yanzu na gane inda Malama ta gado shi."

Mun ƙetare gada, muka bi gefen titi, motoci na rage gudu ana kallon tsoho da taya. Biyar saura minti goma na tsaya a ƙofar kwaleji. Agogo ya nuna dubu ashirin da ɗaya da ɗari biyu da casa'in da takwas. Tsakanina da ita mita arba'in da biyu. Na yi aiki da ƙwararru da ba su kai haka ba a fili mai laushi. Na rubuta lambar a layin, ƙarƙashin rubutunta, na ɗora littafin a bayan jakin na sa hannu.

Kwamiti ya zauna Litinin. Wani ya tambaya ko an tabbatar da lambobin, magatakarda ya buɗe littafin ya tura masa. Ba a ƙara tambaya ba. Ƙauyukan huɗu suka shiga, aka kuma gyara ƙa'idar: nisa yanzu shi ne abin da ƙafa ta taka. Goma sha ɗayan sun sami gado. Shekara biyu ke nan, goma suna nan, ɗaya ya bari saboda rashin lafiyar mahaifinsa. 'Yar mai zuma tana karatun aikin jinya. Ba na cewa 'yata ta gyara duniya. Ta gyara awo ɗaya, kuma ya gyaru.

Kayanta ba su da yawa. Tufafinta mun raba wa 'ya'yan ƙanwar matata. Littattafanta suna ɗakin karatu na kwalejin, ban da na lissafi guda biyu da na riƙe. Katifarta da bargonta mun kai ɗakin kwanan 'yan mata. Lemar da ta manta a ofis, abokan aikinta suka roƙi a bar musu, tana rataye a ƙusa kusa da taswira. Takalmin hawan dutsenta yana ƙarƙashin gadon uwarta da lakarsa, ta ce kada a wanke. Littafin awo yana cikin fayil ɗin kwamiti, ni kwafi na ajiye.

Tayar ta zama ta ofis. Akwai ƙauyuka shida a ɗaya gefen dutsen da ba a auna ba, kuma matar da ta gaji teburin ta riga ta gama biyu. Takan kawo mini littafinta ranar Litinin. Ina duba layin zuwa, ina duba na dawowa, sannan in sa hannu.