Kwamfutar Yaya Habu

Ranar kasuwar Magariya ce, mako biyu bayan mun gama ɗaure hatsi, a shekarar da na shiga aji biyu na kwaleji. Ina da shekara goma sha uku, ina tsaye gaban teburin wani mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta a ƙarƙashin rumfar kwano, riƙe da wata takarda da gumi ya riga ya jiƙa. Tun da hantsi na sauka daga motar garinmu Waca, na ratsa layin masu gyaɗa da masu tabarma ban ko kalle su ba, hannuna ɗaya dafe da aljihu. Abin da ke aljihun kuwa kuɗin gyaɗar gayaunata ne, da na ɗan bunsurun da na shekara ina yanko wa ciyawa. Mutumin ya baje hajarsa bisa buhu, wayoyi da ƙananan fankoki da faya-fayai masu ƙura, duk an kwaso su daga Kano cikin kwali. Ban taɓa sayen abin da ya wuce kaye da bik na lakwal, wato littafi da biron makaranta, da kaina ba, ga shi yau ni zan zaɓa, kuma babu wanda zan waiwaya in tambaya.

Takardar ta Yaya Habu ce, wana, wanda ya zame mana uba tun rasuwar Baba. Shekara biyu ke nan da ya tafi Aljeriya, inda ya samu aiki a shagon masu gyaran kwamfuta. A ƙarshen daminar nan wani ɗan garinmu ya dawo da saƙonsa naɗe cikin tawul: kart mer, wato babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke hawa kansa, an riga an ɗora mata ƙwaƙwalwarta. Niyyarsa in ya dawo mu buɗe ɗan shagon wasa a bakin tashar Waca, yara su riƙa ba da 'yan dalolinsu suna buga ƙwallo a ekaran, wato allon kwamfuta, shi kuma ya huta da tafiya. Inna ba ta fahimci komai a faifan ba, amma ta fahimci cewa shi zai zaunar mata da ɗanta a gida, don haka ta sa shi a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu tafi shagon Ɗanjuma mai cajin waya, Yaya ya kira, Inna ta yi magana, ni ma in yi.

Mu a lokacin wasanninmu langa ne, da dara a ƙasa, da ƙwallon tsumma da muke bugawa a filin lakwal har mushe, wato malaminmu, ya kaɗa ƙarfe. Sau ɗaya tak na taɓa ganin wasan kwamfuta, ta tagar wani shago a Magariya, 'yan wasa suna gudu a koren fili kamar masu rai. Na yi watanni ina ganinsu a idona ko ina kiwon awaki, ko ina roron wake.

Abu huɗu Yaya ya rubuta. Ram guda biyu, diski, kart ɗin da ke zana hoton wasa, sai alimantasiyo, akwatin ƙarfen da ke karɓar kuran, wato wutar lantarki, ya raba wa kowa daidai ƙarfinsa. Ƙarƙashin wannan na ƙarshe ya ja layi har biyu, kuma ya faɗa mini a waya: "Laminu, ka ɗaga ta a hannu. In ba ta da nauyi, ajiye musu abarsu." Ram da diski ba su ba ni wahala ba, na gwada lambobinsu da na takarda na ɗauka. Sai mai teburin ya zaro wata kart daga leda, ja, mai fanka biyu, tana ƙyalli kamar sabon keke. Ya ce da ita 'yan wasa ba za su riƙa tsayawa suna rawa ba. Abin da ya rage a aljihuna zai isa ƙaramar kart da alimantasiyo mai nauyi, ko kuwa jar nan da wata alimantasiyo da na ɗaga na ji kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Na ajiye ta, na sake ɗagawa, ko nauyin zai ƙaru. Na dai san abin da aka gaya mini. "Yaro, wuta ai wuta ce," in ji mutumin. "Kart ita ce wasa." Na ɗauki jar.

Umarnin Yaya shi ne in saya in ajiye har ya zo. Kwana tara na iya haƙuri. Ranar Asabar, bayan na shayar da awaki, Inna ta tafi suna unguwar gabas, sai na buɗe akwatinta na ɗauko faifan na nufi shagon Ɗanjuma, wanda ke da gurup, injin ba da wuta, da wani tsohon ekaran. A bisa bencinsa na haɗa komai, ina bin zanen da ke bayan takarda. Da na haɗa wayoyin kunnawa fankokin nan biyu suka juya, fararen haruffa suka fito a ekaran, Ɗanjuma ya matso yana murmushi. Ban gama karanta layin farko ba na ji tas, kamar an fasa ƙwarya. Wani siririn hayaƙi ya taso, da wari irin na robar da aka jefa a murhu. Ɗanjuma ya fizge waya daga bango. Muka tsaya muna kallon abin, ƙarar gurup kawai ake ji. Na roƙe shi don girman Allah kada ya gaya wa kowa, na tattara kayan a buhu, na naɗe wani katako cikin tawul na mayar akwatin Inna. Buhun kuma na hau rumbu na cusa shi can ƙasa, tsakanin dammunan gero.

Juma'ar da ta biyo Yaya bai kira ba. Muka zauna a bencin Ɗanjuma har la'asar, a daidai inda abin ya ƙone. Ta biyu ma haka. Da Ɗanjuma ya gwada lambar, sai wata murya ta ce a kashe take. A kwanakin ne aka fara maganar ana kama baƙi a can Aljeriya, a kwaso su a ajiye bakin iyaka cikin hamada, kowa ya taka da ƙafa. Wasu sun iso, wasu ba a ji labarinsu ba. Ni kuwa a hankalina na yaro abubuwan biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Na saɓa masa, na ƙona abin da zai dawo da shi gida, shi ya sa hanya ta rufe masa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan tunani ba, amma na yarda da shi kamar yadda na yarda da sunana.

Wata biyar na yi a haka. Ni ne namijin gidan, ni ke hawa rumbu in jeho wa Inna dami in za ta yi sussuka, kuma duk damin da na ɗauke buhun nan yana ƙara matsowa sama. Na koma zaro hatsi daga gefe, ina barin tsakiya kamar tsibiri. In na buɗe murfin rumbu sai in ji kamar warin robar yana nan, in tsaya ina shinshina rigata kafin in sauko. A lakwal mushe ya kira sunana sau biyu ban ji ba. In mota ta tsaya a tasha aka sauke mutum da jaka, sai in ji ina tsoron a ce saƙon mutuwa ne, ina kuma tsoron a ce shi ne. Inna ta rame, ta rage magana. Wani lokaci ta kan buɗe akwati ta dafa tawul ɗin nan ba tare da ta warware ba, ta ce, "Amanarsa dai tana nan." Ni kuma in fita waje.

Tsakiyar bazara ya dawo, da azahar, ina ɗaure awaki a inuwar bishiyar bedi. Na ga wani dogon mutum a bakin zaure da leda ɗaya a hannu, ƙafafunsa duk sun tsage, sai da ya kira sunana na gane shi. Inna ta zauna a ƙasa inda take. Kwana biyu gidan cike da masu barka, ni ina ta kai ruwa da tabarmi don kada mu haɗa ido. A rana ta uku bayan hantsi ya ce, "Ɗauko mini kayan mu gani." Na hau rumbu, na sauko da buhun na ajiye gabansa, na faɗa masa komai a tsaye, har da katakon. Ya ɗauki alimantasiyon, ya jinjina ta a tafin hannu, ya ajiye. Ya ɗaga faifan zuwa hasken rana, ya daɗe yana duban wani baƙin tabo kusa da gefe, ya shinshina. Na jira mari, ko in ce na so a mare ni. Sai ya ce, "Wannan ta tafi." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma me ya cinye ka haka? Ba ka cin tuwo ne?" A nan na fashe da kuka, na gaya masa abin da na ɗauka a raina. Ya kama wuyan hannuna ya zaunar da ni. "Tun ranar Laraba kafin Juma'ar da ban kira ba aka kama mu, a wurin aiki. Wayata aka ƙwace. Me ya haɗa wannan da kai?" Shi ya je ya cire katakon daga akwatin Inna, ban san me ya gaya mata ba.

Shagon bai buɗu ba. Muka yi noma tare a daminar nan, da kaka ta yi ya sake ɗaukar jaka, wannan karon zuwa Agadas, na raka shi tasha. Shekara uku ya ƙara a waje kafin ya zauna gida.

Yanzu ina da ɗan shago a Damagaram, aikina ke nan haɗa wa mutane kwamfuta. Samari kan zo da jerin kaya a waya, sun riga sun kalli yadda ake haɗawa sau goma, in wani abu ya ƙone a aika Kano, kafin mako ya zagayo an kawo wani. Ba na ganin hannun kowa yana rawa. Yaya Habu yana Waca yana noma da kiwon tumaki, furfura ta fito masa, kuma har yau bai taɓa zama ya buga wasan nan ba. Na taɓa tambayarsa ko da faifan bai ƙone ba zai sake tafiya. Ya ce, "Wa ya sani," ya ci gaba da zuba wa tumaki dusa. Ban sake tambaya ba. Ni dai na san shekara ukun nan ba a sayar da irinsu a kasuwa.