Baƙar Ƙasar Kufai

Na yi rayuwata ta aiki ina kula da ma'ajiyar takardu a Dutse, kuma aikin ya koya mini tsanar mutumin da zai yage shafi daga abin da ba shi ya rubuta ba. Saboda haka har yau ban yafe wa ɗan baffana ba, ban kuma ga alamar zan yafe ba.

Gonar kakanmu tana kan kufai ne, wato wurin da wani tsohon gari ya taɓa zama ya tashi. Ɓangarenta na gabas, gindin kukoki, ƙasarsa baƙa ce wuluk, mai laushi, garma ba ta wucewa sai ta tono tsingaron tukwane ko kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfe. Wasu masu binciken tarihi da suka taɓa zuwa sun shaida mana cewa ba haka ƙasar take tun asali ba. Mutane ne suka yi ta: tokar murhu, sharar gida da kashin dabbobi, zuriya bayan zuriya, har ta yi tudu. A nan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, take noma tun rasuwar mijinta, daga nan take ci. Ba a taɓa raba gonar ba, amma kowa ya san al'adar garinmu: ranar rabon gado, akan bar wa kowa inda ya saba nomawa.

Da wani rani Gwaggo ta kwanta rashin lafiya, na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Limawa. A bayanta ɗan baffana ya kira masu tifa. Suka yi ta kwasar baƙar ƙasar suna kai wa masu lambun furanni a sababbin gidajen birni. Yankinsa na yamma kuwa ko shebur bai bari ya taɓa ba. Da ya gama, sai ya fara matsa wa dangi a raba gado kafin damina, a bar wa kowa inda yake nomawa.

Ranar rabon, limamin gari ya zo da igiyar awo da dattawa. Gwaggo na zaune a inuwa, ta kalli ramin da masu tifa suka bari sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ɗan yashin sama ne kawai na share mata," in ji ɗan baffana. "Taimako ma na yi, Yaya. Ruwan fari zai daidaita wurin."

Na juya ga liman na ce, "Allah gafarta Malam, ina roƙon a sauka cikin ramin kafin a ja igiya."

"Da wannan gwiwar tawa?" in ji shi. Amma ya sauka, ina riƙe da hannunsa.

A gefen da tifa ba ta kai ba, bangon ramin yana tsaye kamar an yanka da wuƙa. Na nuna musu daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yadda nake gabatar da fayil. Ga baƙar ƙasa har ƙirjin mutum. Ga zanen toka fari a tsakiyarta, ga bakin wata tukunya da shebur ya raba biyu, ga gawayin mutanen da ba wanda ya san sunansu. Ƙarƙashin duka sai jar marmara, wadda muke tsaye a kanta. Na karɓi fartanya na kai mata sara, ta yi ƙara ta dawo.

"Wannan ne ruwan fari zai daidaita?" in ji liman.

"Ai ƙasa ƙasa ce, Malam," in ji ɗan baffana.

"Madalla," na ce. "Tunda duk ɗaya ce a wurinsa, a ba shi wannan. Ya riga ya ɗebi rabonsa ya loda a mota. A mayar da Gwaggo yamma."

Ya yi tsalle, ya kira ni ɗan boko marar zumunci, ya ce ubansa ne ya yi mini kaciya. Dattawa suka yi shawara a gefe, liman ya sa aka ja igiya daidai bakin ramin, aka bar masa gabas, ni da Gwaggo muka samu yamma. Ni na kafa turken iyakar da hannuna, na taka shi sosai.

A daminar nan gerona da na Gwaggo ya fi mutum tsawo. Na ɗan baffana ya tsaya a idon sawu, rawaya, ruwa ya kwanta a kansa har kwaɗi suka tare. Da kaka ya zo gaishe da Gwaggo, ya durƙusa ya roƙi takin awakinta. Na yi tsammanin za ta yi taushi, na fara tanadin abin da zan ce. Sai ta shiga madafa ta fito da ƙwarya cike da toka, ta ajiye a gabansa.

"Ungo, ɗan nan. Da wannan mutanen farko suka fara. Ka riƙa zubawa kullum, jikokin jikokinka za su gode maka."

Duk damina ina zuwa duba gonata. Akwai hanya mai sauƙi ta yamma, amma ta gabas nake bi, in tsaya a bakin ramin in duba geronsa da kyau, sannan in wuce.