Ciyawar da Na Ɗaure wa Ayu

Jikata Kulu ce ta dawo hutu daga makaranta a Yelwa da wani tsohon wasa a cikin wayarta. Mutum yana zaune a ƙaramar mota, tana ratsa daji da bakin ruwa, halittu suna leƙowa, aikinsa kawai ya ɗauki hotonsu. Samarin rumfar cajin waya a Warra suka yi ta yi mata dariya.

"Hajiya Kulu, ina bindigar? Wasan da ba harbi ba duka, wa ya ci wa?"

Ta ce ko a ƙasar da aka yi shi an yi ƙorafin ya cika gajarta, amma waɗanda suka buga shi suna yara har yau suna cigiyarsa. Ni ma na dara. Sai na ga ta jefa wa wata halitta ɗan itace, halittar ta fito tana ci, ta ɗauke ta hoto ta wuce. Nan take na daina dariya, domin na san dabarar nan tun kafin a haifi uwarta.

Kakarmu, wadda muke kira Inna Babba, a bakin wutar banda take mana tatsuniya, tana juya kifi da hannu ɗaya, hayaƙi yana sa mu hawaye ba mu tashi ba. Ita tana da nata buɗin tatsuniya. Takan ce, "Ga wata ta taso daga ruwa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso gaɓa mu gan ta."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Ayu da yarinya mai hannu wofi. Wai wata marainiya takan yanki burugu, ciyawar bakin ruwa, ta ɗaure dami ta tura gaɓa, ta zauna ta buɗe tafukanta a kan gwiwa. Ayu, dabbar nan mai kunya da ke shayar da ɗanta kamar mace, sai ta ɗago hanci ta dube ta. Ko sarki bai taɓa samun wannan kallo ba. Wata rana yayan yarinyar ya ari zanenta ya lulluɓa, ya buɗe hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da mashi a ƙarƙashin zane.

A nan Inna takan tsaya sai mun matsa mata.

"To, mi ya faru, Inna?"

"Ya ci nama kwana bakwai. Rana ta takwas ya ji yunwa, kamar kowa. Tatsuniya ta koma ruwa, ku tashi ku kwanta."

Da na kai shekara goma ta ɗauke ni a kwalekwale da sassafe zuwa wani lungun tafki. Ta tura damin burugu, ta ce in buɗe hannuwana. Muka jira har ƙafata ta mutu. Sai ruwa ya kumbura, baƙin hanci ya fito, ƙananan idanu suka tsaya a kaina. Inna ta raɗa mini, "Audu, wanga wuri ni da kai muka sani. Ka jiya?"

Na ce na jiya.

Na riƙe alkawarin shekara goma sha biyu. Sannan wani mai sayen man ayu ya sauka garinmu, ana ta kuranta mazan da suka taɓa kashe ta, ni kuwa ba wanda ya san sunana. Ba yunwa ce ta kai ni ba, kada in yi wa Allah ƙarya. So nake a nuna ni. Na ɗaure burugu yadda Inna ta koya mini, na ɗauki mashi mai igiya, na ja abokaina zuwa lungun nan. Ayu tana ɗago hanci na soke ta. Da muka jawo ta gaɓa nono yana zuba daga jikinta. Ɗanta ya kwana biyu yana zagaya wurin.

Na kai wa Inna tsoka mafi kyau. Ta dubi akushin, ta dube ni.

"Wane hannu ka buɗe mata, na dama ko na hagu?"

Ba ta ci ba. Ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da yi wa ƙannena tatsuniya, amma in na zauna sai ta ce wuta ta mutu. Har ta rasu ban sake jin ta ce wata ta taso daga ruwa ba.

Da na ba Kulu labarin ayu, ban faɗi ƙarshensa ba, ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, kai ni in ɗauko hotonta. In ban gani ba, zuƙi ta malle kake." Safiya uku muna zuwa lungun da burugu. Masu taru sun share wurin, ƙarar inji ko'ina. A ta ukun na gaya mata abin da na yi. Sai ta ɗaga waya ta ɗauki damin ciyawar yana yawo shi kaɗai a kan ruwa.

Ta wanko hoton a Yelwa ta aiko mini, ba ta rubuta komai a bayansa ba. Shi ne kaɗai hoton ayu da muke da shi a gidan nan.