Damin da Na Mayar

Ranar Alhamis ce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a zauren yayana da ke Badarawa. Mu huɗu ne: ni, da yayana, da mai gari, da ɗan wani ɗan baffana da ya rasu, magidanci mai shekara talatin da 'yan kai. Saura wata bakwai in ajiye aiki a gidan rediyo, in miƙa makullin gidan ma'aikata da na shekara ashirin da biyu a cikinsa. Maganar gona ce ta tara mu.

Gonar rabona ce daga gadon mahaifinmu. Tana bayan gari, kusa da hanyar Shinkafi, jigawa ce mai karɓar gero da wake. A kanta na gina duk shirina na ritaya. Zan yi ɗaki biyu da zaure a gefenta na bakin hanya, in noma saura, in ajiye 'yan tumaki, kuɗin fansho ya tsaya ga cefane da magani. Har kwanon rufi na saya da kaɗan-kaɗan, na jingine a zauren nan da muke zaune. Matata ta fi son Ƙaura saboda asibiti da danginta, amma ta bar ni da ra'ayina.

Shekarar da na sami aiki a Gusau na ba ɗan baffana aron gonar a gaban dattawa biyu. A wurinmu, wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita damin gero ɗaya kowace kaka. Damin ba kuɗin haya ba ne, ko mako guda ba zai ci da gida ba. Shaida ce a idon gari cewa gona tana da mai ita.

Shekara uku yana sa damin a mota ana kawo mini. A ta huɗu kunya ta kama ni. Ina da albashi, shi kuwa yana da 'ya'ya ƙanana da rumbu ɗaya. Na aika masa cewa ya daina wahalar da kansa. Da kaka ta zagayo ya sake aikowa, ni kuma na biya direba ya mayar masa da damin har ƙofar gida, mutane suna gani. Yayana ya yi mini magana sau ɗaya, ya ce in karɓa ko da kaji zan zuba wa. Na yi dariya, na ɗauka rowa ce irin ta manoma. Daga nan ba a sake kawowa ba, har tsawon shekara ashirin da tara. A cikinsu dattawan biyu suka rasu, ɗan baffana ya bi su, ɗansa ya ci gaba da noma.

Na faɗa wa mai gari bukatata a taƙaice, kamar yadda na saba karanta labarai: wane ne, yaushe, a gaban wa. Ya saurara har na gama, bai musa ko ɗaya ba. Sannan ya yi tambaya.

"Malam, damin da aka kai maka, kai ka mayar da shi?"

Na ce ni na mayar.

"Da hannunka ka biya mota?"

Na ce haka ne.

Ya juya ga magidancin. Shi bai ɗaga kai ba. Ya ce bai taɓa jin mahaifinsa ya kira gonar aro ba, kuma tun da ya yi wayo bai ga an fitar da dami daga cikinta zuwa wani gida ba. Duk garin sun san an mayar da dami, kuma sun san abin da hakan ke nufi. Ya ce gonar mahaifinsa ta asali tana can cikin daji, shekara biyar ke nan ba mai iya taka wajen saboda 'yan bindiga. Wannan ta bayan gari ita ke ci da mutum goma sha ɗaya.

"Baba, in ka ce in tashi, zan tashi," in ji shi. "Ka dai bari in cire abin da na shuka. Takin bana da jaki na kai shi."

Mai gari ya ce a ganinsa aro bai zama kyauta sai mai abu ya furta, kuma in na je gaban alƙali da shaida mai yiwuwa ne in samu. Shaidar da ta rage kuwa yayana ne kaɗai. Duk muka dube shi. Ya ce zai faɗi gaskiya duk inda aka kira shi, amma gaba ɗayanta zai faɗa: an ba da aro yana wurin, an mayar da dami yana wurin.

"Kai dai ɗan birni," ya ce mini, "abin da ka ɗauka alheri ne, shi ya rufe maka ƙofa. Na ce ka ba kaji, ka yi dariya."

Ba wanda ya yi dariya a zauren. Na tuna shirye-shiryen da na gabatar a kan rikicin gonaki, ina gaya wa masu sauraro su riƙa kafa shaidu, su riƙa rubutawa. Ban taɓa haɗa maganar da kaina ba.

Na nemi gefen hanya kawai, inda zan yi gini. Magidancin ya yarda nan take, amma yayana ya hana. Ya ce gidan da ke bayan gari shi kaɗai, a wannan zamani, ba wurin kwanan tsoho da matarsa ba ne, kuma kowa zai san an biya ni kuɗin sallama. Wannan ma ban lissafa da shi ba. Shirin da na yi shekara da shekaru ina yi, na Badarawar da na bari ne.

Kafin magariba muka tsaya a kan magana ɗaya. Gona tawa ce, aro ne. Magidancin zai ci gaba da nomanta har ranar da hanyar gonar mahaifinsa ta buɗe. Na rubuta da hannuna, mai gari da yayana suka sa hannu, shi ya dangwala yatsa.

Da na ajiye aiki muka kama hayar ɗaki biyu a Ƙaura, kusa da tsohuwar tashar jirgi. Kwanon rufin yana nan jingine a zauren yayana. Da kaka ta yi, magidancin ya ɗauro damin gero a bayan babur ya kawo har ƙofa. Na karɓa a gaban maƙwabta biyu, matata ta ba da shi aka sussuka.