Ƙafar Inna da Shuɗin Kati

Inna ba ita ta haife mu ba. Yayar mahaifinmu ce. An ba ta riƙon Yaya yana shekara biyu, ni kuma tun daga yaye. A Zongo babu mai tambayar irin wannan, mu ma ba mu taɓa kiran wata Inna ba sai ita.

Da Yaya ya samu aiki a wani kamfanin sufuri, aka ba shi takardar asiransi, wato inshorar lafiya, ya cike. Inda aka ce uwa, ya rubuta sunanta bai ko tsaya tunani ba. Katin ya zo shuɗi mai sheƙi. Nakan ɗauko shi daga kwallar Inna in yi ta kallo, ina jin kamar wata ƙaramar ƙofa aka ba mu.

Bayan damina biyu, ciwon sukari ya buɗe mata gyambo a babban yatsan ƙafa. Muka hau zemijan, wato acaba, zuwa wani kilinik a unguwar Agontinkon. Matar da ke karɓar kati ta gwada shi da takardar haihuwar Yaya, ta ce sunan uwa bai zo ɗaya ba. Na yi mata bayanin riƙo da duk Faransancin da na koya a makaranta. Ta saurara cikin ladabi, sannan ta turo mini katin.

A gida gardama ta tashi tsakanin Yaya da Kawu, wanda ya tsufa yana tuƙa babbar mota. Kawu ya ce kamata ya yi gwamnati ta haɗa kowa a asusu ɗaya daga haraji, ta yi wa kowa magani, kada a tambayi wa ya haifi wa. Yaya ya ce waɗanda ambaliyar unguwar Ladji ta gagara ba za su iya da lafiyar ƙasa guda ba. Kamfani dai yana da sauri, kuskuren takarda ne, a ba shi mako ɗaya ya gyara.

"Ɗana, takardarka ta ce maraya ne kai, kana ta yabon ta," in ji Kawu.

"Kawu, ku je layin gwamnati ku dawo, sai mu yi magana."

Mako ɗaya ya zama uku. Kullum bayan la'asar suna kan benci suna maimaitawa, ni ina ciki ina wanke gyambon da ruwan gishiri, ina kallon baƙin da yatsan ya yi yana hawa. Inna ta hana ni magana, wai kada yaron ya ji kunya.

Ranar da warin ya kai ƙofar ɗaki, ban nemi izinin kowa ba, na kai ta asibitin gwamnati. Mun zauna daga asuba har azahar. Likita ya duba, ya tambaye ni ina muke tun tuni. Washegari aka cire yatsan.

Har yau suna gardamar. Katin yana nan cikin kwalla, Inna ta hana a yar, domin a nan ne kaɗai aka rubuta cewa ita ce uwar Yaya.