Ayar Autarmu

Ƙauyenmu ɗan tudu ne a tsakiyar fadama, ba nisa da Haɗeja. Idan kogi ya kawo, ruwa ne yake tsaronmu, don doki ba ya bin inda kwalekwale yake bi. Idan ruwa ya janye, shinkafa ta fara nuna, sai abu biyu su sauko mana tare: tsuntsun jan baki da masu satar yara. Ba mahara nake nufi ba, masu zuwa da dawaki da kururuwa. Waɗannan mutum biyu ne ko uku, su laɓe cikin ciyawar burugu tun da safe, su jira yaron da aka bari shi kaɗai a rumfar korar tsuntsu.

Gwaggo, yayar Baba, ta san su. An taɓa ɗauke ta tana budurwa, ta yi shekaru a wani gida can wajen Barno, ta dawo da furfura. Ba ta taɓa ba mu labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da ta dawo da shi karatu ne, wanda ta tsinta tana daka a bayan ɗakin da ake karantar da 'ya'yan gidan. Ta kuma dawo da wata magana da take maimaita wa iyayenmu har suka gaji: ɗan Musulmi ba ya halatta a sayar da shi, amma sai ya iya nuna shi ɗin ne a gaban alƙali. Mu kuwa masunta ne. Ana salla a ƙauyen, karatun ne dai sai a hankali.

Sai ta yi wata dabara. Ta raba mana Fatiha a kan rumfuna, kowane yaro da ayarsa. Na farko ya ɗaga murya ya karanta tasa, na kusa da shi ya karɓa, haka har ta zagaye gonakin ta dawo. Tsuntsu ya tashi, yaro ya koyi karatu, in kuma aka ji wata rumfa ta yi shiru, maza su jefar da komar kamun kifi su ruga can. Ni na tsani abin. Kafin azahar maƙogwarona ya bushe, ga Gwaggo tana zagayawa da tsumagiya tana cewa wadda take da bakin tsiwa irin nawa ba ta da hujjar gajiya.

Rumfar da ke bin tawa ta autarmu ce. Ko famfara ba ta yi ba, amma muryarta ta fi ta kowa, har masu kwalekwale suna tsokanarta wai ita ce ladanin fadama. In na sauke ayata, ita ce take ɗauka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na karanta, ba ta karɓa ba. Na sake, da haushi, don na ɗauka barci ta yi. Na uku ban gama ba na hango maza suna keta shinkafa. A rumfar an tarar da majaujawarta da gorubar da ta fara gwaguya. An bi sawu har inda ƙasa ta yi tauri, ya ɓace. Dabarar Gwaggo ta yi aiki, mun sani nan take. Sanin ne dai bai dawo da ita ba.

Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ni ban yi ba. Na ci tuwo a ranar, ya kuma wuce lafiya. Washegari Gwaggo ta ba wani yaron maƙwabta ayar autarmu, na karanta tawa, ya karɓa, tsuntsu ya tashi. Haka aka yanke shinkafa, aka sussuke, aka zuba a rumbu.

Da bazara wani mai kai banda kasuwa ya dawo ya ce ya gan ta a wani gari ta hanyar Miga, cikin bayin wani farke. Baba ya tashi, Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta ce a tafi da ni. Baba ya ce me yarinya za ta yi a wurin shari'a, ta ce ya bari dai.

Farken bai yi musu da zafi ba. Ya ce shi saya ya yi, waɗanda suka sayar masa kuma sun ce daga kudu aka kamo ta, inda ba a salla. Aka tafi zauren alƙalin garin. Da aka shigo da ita sai da na duba sau biyu. An aske mata kai, wuyanta ya yi tsawo. Ba ta kalli Baba ba, ba ta kalle ni ba. Tana riƙe da hannun wata doguwar yarinya mai zanen fuska irin wanda ban taɓa gani ba, wadda ba ta jin Hausa. Farken ya ce dole aka kawo su tare, don in an raba su ƙaramar ba ta ci, kuma ita babbar ce take goya ta a hanya.

Alƙali ya ce shaidun duk dangi ne, saboda haka yarinya ta yi wa kanta shaida. Ya sassauta murya ya ce, “Yarinya, karanta mini Fatiha.”

Ta yi shiru. Ya sake faɗa, ta sake yin shiru. Idonta yana kan tabarma. Farken ya gyara zama.

Gwaggo ta durƙusa ta ce, “Allah ya gafarta malam, aya ɗaya ta sani, kuma ba ta ɗauka sai an miƙo mata. Ni na raba musu, ban haɗa musu ba. A bar yayarta ta fita waje ta kira ta yadda suke yi a gona.”

Farken ya ce wannan ai sanya wa yaro magana ne a baki. Alƙali ya ce in an sanya mata wadda ta gabata, ta gaba ai daga cikinta za ta fito. Aka ce in fita.

Na tsaya a bayan katanga, na ɗaga murya kamar ina kan rumfa. 'Yan kallo a ƙofar zaure suka kwashe da dariya, wani ya ce yarinyar nan kiran shanu take yi. Ban kula su ba. Na sauke ayata na jira. Sai na ji ta daga ciki, murya a tsage, amma tata ce. Ta kai ayarta ƙarshe ta tsaya, tana jiran rumfa ta gaba.

Alƙali ya ce 'ya ce, ba baiwa ba, a ba ubanta.

Raba hannun ne ya ɗauki lokaci. Baba ya ja, ta ƙanƙame. A ƙarshe doguwar yarinyar ce ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa hannun a cikin na Gwaggo, ta faɗi wani abu da yarensu. Yaran farken suka mayar mata da igiya suka fita da ita. Na san ya kamata in ji wani abu, murna ko tausayi. Abin da na ji kawai shi ne ƙafafuna suna ciwo.

A gida Gwaggo ta kafa doka: kada wanda ya tambaye ta abin da ya faru. Matan da suka zo barka suna leƙa fuskarta, Gwaggo ta sallame su tun daga ƙofa. A ɗakinta autarmu take kwana. Ba ta zama sai bayanta yana jikin bango. Tana ɓoye abinci a bakin zane, sai Gwaggo ta riƙa ajiye ɗumame a inda za ta iya ɗauka ba a gani ba, ta kuma hana Inna yin magana. Ta shafa mata man shanu a sawun igiya har ya dushe. Magana kuwa babu. Ni ba ta ce mini Yaya, ba ta ce mini komai.

Gwaggo ta sauya karatun ma. Yanzu kowane yaro sai ya iya surar duka shi kaɗai, ya kuma faɗi sunan ubansa da na kakansa da na ƙauyensa da kogin da yake kusa. Tana tsayar da mu ɗaya ɗaya a tsakar gida, ta haɗe rai kamar alƙali. Autarmu tana zaune gefe, leɓenta yana motsi. Ba a jima ba muka gane ta fi kowa kamawa. In an tashi, ita ba ta tashi, sai ta ja zanen Gwaggo a ƙara mata. Inna ta fara dariya a gidan. Muka ce Alhamdu lillahi, yarinya tana dawowa.

Damina ta faɗi, kogi ya kawo. Wata safiya ina wanke ƙorai, sai ta zo ta tsaya a gaban Gwaggo ta karanta surar daga farko har ƙarshe, ba gargada. Ta ɗauko ƙullin ɗumamenta ta ɗora a ka.

Ta ce, “Gwaggo, na haɗa. Mu je in koya wa Yaya.”

Na ce, “Ga ni nan, ai na iya.”

Ta dube ni, karo na farko tun dawowarta. Ta ce, “Ba ke ba. Yayata ta can. In ta karanta, malam zai ce a kwance ta.”

A cikinmu ba wanda ya tambayi inda farken ya nufa, ba wanda ya san sunan doguwar yarinyar ko ƙasarsu. Mun karɓi tamu mun taho. Gwaggo, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, abin da ta iya cewa kawai shi ne hanya ta cika, sai ruwa ya janye.

Kullum da safe autarmu takan ɗauki ƙullinta ta je bakin ruwa ta duba inda ya kai. Ni nake bin ta, in zauna daga baya a gindin goruba. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Da ruwa ya janye ta tambayi Gwaggo, Gwaggo ta ce sai an yanke shinkafa. Da aka yanke ta sake tambaya sau ɗaya. Daga nan ta daina zuwa bakin ruwa, ta daina ƙulla ɗumame, ta koma cin abinci tare da mu. Mutanen ƙauye suka ce ta warke.